Sankarar bakin mahaifa: Gwajin da ake yi wa mace tun tana ƙalau

A ranar 24 ga watan Oktoban 2023 ne Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa kusan dukkan sankarar bakin mahaifa. An sa burin kai wa ga yara mata miliyan 7.7 a faɗin ƙasar, allura ɗaya tak ga kowace yarinya, kuma kyauta.

Sai dai allurar ba ta haɗa da iyayen da suka riƙo hannun yaran zuwa wurin rigakafin ba. Matar da ta kai shekara 35 ko 40, wadda ta daɗe a ɗakin aure, mai yiwuwa ne ta haɗu da ƙwayar cutar tun shekarun baya, kuma allurar ba ta fitar da ƙwayar da ta riga ta zauna a jiki.

Abin da ya rage wa irin wannan mata shi ne gwaji. Gwajin kuwa yana da wani sharaɗi da ya saɓa wa yadda akasarin mutane suka saba hulɗa da asibiti: ana yin sa ne lokacin da mace take jin kanta garau, babu ciwo, babu zubar jini, babu abin da ke damun ta.

Mata 22 a kowace rana

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, sun nuna cewa a shekarar 2022 mata kimanin 660,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a duniya, yayin da kimanin 350,000 suka rasu sanadiyyarta. Ita ce ta huɗu a jerin cututtukan daji da suka fi kama mata. Kusan kashi 94 cikin 100 na mace-macen sun auku ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki.

A Najeriya, hukumar ta ce a shekarar 2020 an samu sabbin masu cutar kimanin 12,000, wasu kimanin 8,000 kuma suka rasu. Idan aka raba wannan adadi a kan kwanakin shekara, za a ga mata kusan 22 ke mutuwa a kowace rana. A tsakanin mata masu shekara 15 zuwa 44, ita ce ta biyu wajen kisa a cikin cututtukan daji a ƙasar.

Waɗannan shekaru ne da mace take tsakiyar hidimar gida: ga goyo, ga yara a makaranta, ga 'yar sana'ar da ake cefane da ita. Rasuwarta kan bar marayu ƙanana, sau da yawa bayan iyali sun sayar da abin da suka mallaka wajen jinya.

Ba wai matan ƙasashe masu arziki ba sa haɗuwa da ƙwayar cutar ba ne. Bambancin yana wajen gwaji. Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu arziki, kashi 84 cikin 100 na mata masu shekara 30 zuwa 49 an taɓa yi musu gwajin ko da sau ɗaya ne. A rukunin ƙasashen da Najeriya take ciki kuwa, adadin bai wuce kashi 9 cikin 100 ba.

Cutar da ke ɗaukar shekaru kafin ta bayyana

Bakin mahaifa shi ne ƙarshen mahaifa ta ƙasa, inda ta haɗu da farji. Shi ne ke buɗewa lokacin naƙuda har jariri ya fito.

HPV tana da nau'i sama da 200. Kaɗan daga cikinsu ne ke jawo sankara, kuma biyu kawai, wato nau'i na 16 da na 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, Harald zur Hausen, shi ne ya gano alaƙar waɗannan nau'o'i biyu da cutar a farkon shekarun 1980, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008.

Ana ɗaukar ƙwayar cutar ta hanyar saduwa, kuma ta yaɗu ƙwarai, ta yadda WHO ke cewa kusan duk wanda ya taɓa saduwa, namiji ko mace, zai haɗu da ita a wani lokaci na rayuwarsa, galibi ba tare da ya sani ba. A jikin mutum tara cikin goma, garkuwar jiki takan kawar da ita da kanta a cikin shekara ɗaya zuwa biyu.

Matsalar tana ga matan da ƙwayar ta ƙi barin jikinsu. A hankali takan riƙa sauya ƙwayoyin halittar da ke fatar bakin mahaifa. Wannan sauyi ba sankara ba ne tukuna, share fage ne. Ba ya ciwo, ba ya wari, ba ya hana haihuwa. A jikin mace mai cikakkiyar garkuwa, yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya rikiɗe ya zama sankara. A jikin wadda garkuwarta ta yi rauni, kamar mai ɗauke da HIV da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa.

Wannan doguwar tazara ita ce ta bambanta sankarar bakin mahaifa da yawancin cututtukan daji. A wasu cututtukan, iyakar abin da gwaji ke yi shi ne ya gano cutar da wuri. A nan kuwa, gwaji na iya gano wurin da zai zama sankara shekaru kafin ya zama, a kawar da shi cikin 'yan mintuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wace ce ya kamata ta je, kuma yaushe?

A watan Yulin 2021 WHO ta fitar da sabbin ƙa'idoji kan gwajin. Ga macen da ba ta da wata lalura ta musamman, wato ba ta ɗauke da HIV, ba a taɓa samun ta da matsala a bakin mahaifa ba, kuma ba ta ganin wata alama, shawarar ita ce ta fara gwaji tana da shekara 30.

Idan gwajin neman ƙwayar HPV aka yi mata kuma ba a samu komai ba, sai bayan shekara 5 zuwa 10 za ta sake. Idan kuwa ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin gwaji aka bi, to duk bayan shekara 3 ne.

Hukumar ta ce a fi bai wa mata masu shekara 30 zuwa 49 fifiko. Wadda ta haura 50 kuma ba a taɓa yi mata ba, ita ma ya kamata a yi mata. Bayan shekara 50, ana iya dakatar da gwajin idan an yi sau biyu a jere bisa ƙa'ida ba a samu komai ba.

Mata masu ɗauke da HIV nasu tsarin daban ne, domin haɗarin kamuwarsu da wannan sankara ya ninka na sauran mata sau shida. Su ana so su fara tun suna da shekara 25, su riƙa maimaitawa duk bayan shekara 3 zuwa 5.

Akwai matan da kan ɗauka gwajin bai shafe su ba alhali ya shafe su. Bazawara da matar da mijinta ya rasu shekaru da dama suna ciki, domin ƙwayar da ta shiga jiki shekara 15 da suka wuce tana iya kasancewa tana nan tana aikinta. Haka matar da ta daina haihuwa ko ta daina al'ada. Haka kuma 'yan matan da aka yi wa allurar rigakafi, idan sun kai shekarun gwaji, domin allurar ba ta rufe dukkan nau'o'in da ke jawo cutar ba. Wadda aka cire wa mahaifa gaba ɗaya har da bakinta saboda wata lalurar da ba ta da alaƙa da sankara, ita ce galibi ba ta buƙata.

Kowace ƙasa tana daidaita shekarun da ƙarfinta. A Amurka ana farawa daga shekara 21 ko 25, gwargwadon ƙa'idar da likita ya bi, a tsaya a 65. A Ingila hukumar lafiya ce ke aika wa mata masu shekara 25 zuwa 64 takardar gayyata. Ostireliya tana yin gwajin HPV duk shekara 5 ga mata masu shekara 25 zuwa 74. Ga ƙasashen da ba su da wannan hali, WHO ta sa mafi ƙarancin mizani: a yi wa mace ingantaccen gwaji sau biyu a rayuwarta, ɗaya kafin ta wuce shekara 35, ɗaya kafin ta wuce 45.

Hanyoyi uku na gwaji

Hanya mafi daɗewa ita ce wadda ake kira gwajin Pap. Sunan ya samo asali ne daga George Papanicolaou, likita ɗan asalin ƙasar Girka da ya yi aiki a birnin New York. Ya fara gabatar da bincikensa a 1928 ba a kula shi sosai ba, sai a shekarun 1940 duniyar likitoci ta karɓe shi. Ma'aikaciyar lafiya takan sa wani ɗan abu na ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa ta buɗe gaban mace don ta ga bakin mahaifa, sannan ta shafo ƙwayoyin halitta da ɗan buroshi, a kai ɗakin gwaje-gwaje ƙwararre ya duba. Wannan hanya ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa, amma tana buƙatar ƙwararrun masu duba samfuri, sakamako yakan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma dole a riƙa maimaitawa a kai a kai.

Hanya ta biyu ita ce dubawa da ido, wadda ma'aikatan lafiya ke kira VIA. Ana shafa wa bakin mahaifa ruwan khal da aka tsarma, a jira minti ɗaya. Wurin da ya fara sauyawa yakan yi fari. Ba ta da tsada, ungozoma ko nas da aka horar za ta iya yi, kuma nan take ake sanin sakamako. Rauninta shi ne ta dogara ga idon mai dubawa da ƙwarewarta. Haka kuma ba ta dace da matan da suka daina al'ada ba, domin a wannan lokaci wurin da ake son gani yakan shige ciki.

Hanya ta uku, wadda WHO ta fifita yanzu, ita ce neman ƙwayar HPV ɗin kanta. Na'ura ce ke duba samfurin, don haka ba a dogara ga idon kowa ba. Ta fi sauran biyun kama matsala, kuma idan ta ce babu, to mace na iya samun kwanciyar hankali na tsawon shekaru, abin da ya sa tazararta ta fi tsawo. Na'urar GeneXpert da asibitoci da dama a Najeriya ke amfani da ita wajen gwajin tarin fuka tana iya yin wannan gwaji cikin kimanin awa ɗaya, idan an samar da kayan aikin da suka dace.

Wani abin da ya ƙara wa hanya ta uku daraja shi ne mace na iya ɗaukar samfurin da kanta. Za a ba ta tsinke mai auduga ko ɗan buroshi, ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta sa a gabanta ta juya, ta mayar cikin kwalba ta miƙa. WHO ta amince da wannan, kuma bincike ya nuna cewa idan da na'urori masu inganci aka duba, sakamakon yana kusa ƙwarai da na samfurin da ma'aikaciyar lafiya ta ɗauka. Ostireliya ta buɗe wannan zaɓi ga dukkan matan da suka isa gwaji a watan Yulin 2022.

Me ya sa ba duk shekara ba?

Wasu kan ɗauka cewa yawan gwaji shi ne yawan tsaro. Ƙwararru sun yi nazarin wannan, suka ga ba haka abin yake ba.

A tsakanin mata 'yan ƙasa da shekara 30, HPV tana da yawa ainun, kuma akasari takan tafi da kanta. Idan aka riƙa yi musu gwajin, za a samu dubban da sakamakonsu zai nuna akwai ƙwayar, a tayar musu da hankali, a yi wa wasu aikin da ba su buƙata. Yanke wani sashe na bakin mahaifa kuma yana da nasa illar, domin yana iya ƙara haɗarin haihuwar bakwaini a cikin da zai biyo baya.

Tun da cutar tana tafiya ne a hankali, gwajin duk shekara ba ya ƙara wa mace wata kariya ta a-zo-a-gani a kan na duk shekara biyar. A ƙasar da kayan aiki suka yi ƙaranci, yi wa mace ɗaya gwaji sau goma yana nufin an hana wasu tara da ba a taɓa yi musu ba, kuma a cikin waɗanda ba a taɓa yi wa ba ne akasarin masu mutuwa suke.

Idan sakamako ya nuna akwai ƙwayar cutar

Samun HPV a jikin mace ba ya nufin tana da sankara. Yana nufin tana cikin waɗanda ya kamata a ƙara dubawa. Daga nan ma'aikaciyar lafiya za ta duba bakin mahaifar, galibi da ruwan khal ko da na'ura mai ƙara girman abu. Idan ba a ga komai ba, za a ce ta dawo bayan shekara biyu, ko bayan shekara ɗaya idan tana ɗauke da HIV.

Idan an ga wurin da ya fara sauyawa kuma bai yi faɗi ba, ana iya kashe shi nan take. Akwai wata 'yar na'ura mai aiki da batir da ake ɗora kanta mai zafin digiri 100 a kan wurin na tsawon daƙiƙa 20 zuwa 30. Akwai kuma hanyar daskarar da wurin da iskar gas mai tsananin sanyi. Duka biyun ba sa buƙatar a sa mace barci ko a kwantar da ita, da ƙafarta za ta koma gida. Za ta ga ruwa yana fita na 'yan makonni, kuma ana so ta ƙaurace wa kwanciyar aure na kimanin mako huɗu, sannan ta dawo a sake dubawa bayan shekara ɗaya. Idan wurin ya yi faɗi ko ya shige ciki, likita ne zai yanke shi da wata siririyar waya mai aiki da lantarki.

Akwai kuma wani ɓangare da ba na jiki ba, wanda kan iya girgiza gida. Da zarar an ji cewa ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar, zargi yakan shigo. Amma gwajin ba ya nuna yaushe ƙwayar ta shiga jiki, ba ya kuma nuna daga wa ta fito. Tana iya zama shiru shekaru masu yawa. Macen da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya ɗauka. Namiji yana iya samo ta daga auren da ya yi a baya, ko ta ratsa tsakanin matansa ta hanyarsa, shi kuwa bai ji komai a jikinsa ba, kuma babu wani gwaji na yau da kullum da ake yi wa maza. Saboda haka sakamakon ba hujja ba ce a kan mutuncin kowa.

Abubuwan da ake ɗauka gwaji ne alhali ba shi ba ne

Mata da yawa sun sha yin hoton ciki, wato sikanin, lokacin goyon ciki ko don neman ƙari a mahaifa. Wannan hoto ba ya nuna sauyin farko da ke faruwa a fatar bakin mahaifa. Haka ma gwajin da ake yi na ciwon sanyi, inda ake shafo ruwan gaba a kai ɗakin gwaje-gwaje, wasu ƙwayoyin cuta daban yake nema. Mace na iya zuwa awon ciki sau takwas, ta haihu a asibiti sau takwas, ba tare da an taɓa yi mata gwajin bakin mahaifa ba. Hanyar tabbatarwa ita ce ta tambaya da sunansa: gwajin HPV, ko VIA, ko Pap.

Haka nan akwai bambanci tsakanin gwajin mai lafiya da binciken mai alama. Wadda take ganin jini bayan saduwa, ko jini a tsakanin al'ada da al'ada, ko jini bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, ko ciwon mara da baya da ya ƙi tafiya, ba jiran lokacin gwaji za ta yi ba, ko shekarunta nawa. Likita za ta gani ba tare da ɓata lokaci ba.

A nan ne ake yawan asarar watanni. Irin waɗannan alamomi akan jingina su ga sanyi, a yi ta sayen magani a kemis ko wajen masu maganin gargajiya, a sha wannan a yi matsi da wancan. Ba kowane jini ko ruwa ne sankara ba, akasari ma ba ita ba ce, amma sai an duba ake sani. Idan cutar ta yi nisa, maganinta ya koma tiyata, ko gashi da na'ura haɗe da allurai masu ƙarfi. Na'urorin gashin kuwa a manyan asibitoci ƙalilan ake samun su, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Ga iyalin da ke ƙauye, wannan na nufin doguwar tafiya, da jiran layi, da kuɗin da ya ninka na gwaji sau ɗaruruwa.

Kunya, izini da kuɗin mota

Ko da an kawo gwajin kusa, akwai abubuwan da ke tsaya wa mace a gaba. Na farko shi ne kunya. Buɗe jiki a gaban wani ba tare da ciwo ko naƙuda ba abu ne mai nauyi, balle idan namiji ne ma'aikacin. Mace tana da damar ta nemi mace 'yar'uwarta ta duba ta, kuma a yawancin wurare ungozomomi da nas-nas mata ne ke yin wannan aiki. Inda ake da gwajin HPV, ɗaukar samfuri da kai ya rage wannan nauyi ƙwarai.

Na biyu shi ne mai gida. A gidaje da dama a Arewa, shi ke bayar da izinin fita, shi ke bayar da kuɗin mota da na kati. Mutumin da ba zai yi jinkirin kai matarsa asibiti ba idan ta kwanta ciwo, yana iya ganin ɓarnar kuɗi ce a ce mai lafiya ta je a duba ta. Don haka faɗakarwar da ta tsaya a kan mata kaɗai ta bar rabin aikin. Haka ma makonni huɗun da ake so a ƙaurace wa shimfiɗa bayan magani, sai da fahimtar miji suke yiwuwa.

Na uku shi ne tsoron abin da za a gano. Kalmar sankara kaɗai takan sa gaba ya faɗi, domin akasarin waɗanda mutane suka sani da ita an gano tasu ne a makare. Amma mafi yawan matan da aka yi wa gwaji ba a samun komai a jikinsu, waɗanda aka samu kuma galibi share fagen ne, wanda ake kawarwa a zama ɗaya.

Na huɗu ya rataya ne a wuyan hukumomi. Gwajin da ba a biyo shi da magani ba bai tsinana komai ba. A kan ga ƙungiyoyi sun shirya gangamin gwaji kyauta na kwana ɗaya ko biyu, mata su yi tururuwa, amma wadda aka samu da matsala a ba ta takarda zuwa wani asibiti mai nisa, daga nan kuma babu mai sake jin ɗuriyarta. Wannan ne ya sa WHO ke ƙarfafa tsarin da za a yi gwaji da magani a wuri ɗaya, in da hali ma a rana ɗaya.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Finland ta fara gayyatar mata gwajin Pap bisa tsari a shekarun 1960, duk bayan shekara biyar. Cikin 'yan shekaru gommai, yawan masu kamuwa da cutar da masu mutuwa ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100, tun kafin a ƙirƙiro allurar rigakafi.

Misalin da ya fi kusa da halin da Najeriya take ciki ya fito ne daga Indiya. A ƙauyukan gundumar Osmanabad an gudanar da bincike a kan mata sama da 130,000 masu shekara 30 zuwa 59, aka wallafa sakamakon a 2009. Matan da aka yi wa gwajin HPV sau ɗaya tak, aka kuma yi wa waɗanda ke buƙata magani, mace-macensu daga wannan sankara ya ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. A birnin Mumbai kuma, wani binciken da ya shafi mata kimanin 150,000 ya nuna cewa gwajin ruwan khal, wanda ƙananan ma'aikatan lafiya mata suka riƙa yi a unguwannin talakawa, ya rage mace-macen da kashi 31 cikin 100.

Ostireliya, wadda ta haɗa rigakafi da gwaji, ta sa wa kanta shekarar 2035 a matsayin lokacin da za ta kawar da cutar daga jerin matsalolin lafiyar al'umma.

Alƙawarin 2030

A ranar 17 ga Nuwamban 2020 WHO ta ƙaddamar da shirin kawar da sankarar bakin mahaifa, karo na farko da ƙasashen duniya suka ɗauki irin wannan alƙawari a kan wata cutar daji. Mizanin nasara shi ne masu kamuwa su koma ƙasa da mace 4 cikin kowace 100,000 a shekara.

Shirin yana da ƙafa uku da ake so kowace ƙasa ta cimma kafin 2030: a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata rigakafi kafin su cika shekara 15, a yi wa kashi 70 cikin 100 na mata ingantaccen gwaji a shekara 35 da kuma 45, sannan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka samu da matsala su samu magani.

Najeriya ta ɗaga ƙafar farko da gangamin 2023 da zagaye na biyu da ya biyo baya a watan Mayun 2024, kuma allurar ta shiga jerin rigakafin yau da kullum. Amma yarinyar da aka yi wa allura tana da shekara 9 a 2023, sai a 2044 za ta cika 30. Kafin amfanin rigakafin ya bayyana a alƙaluman mace-mace, matan da za su kamu a shekaru 20 masu zuwa su ne waɗanda a yau suke da shekara 25, 35 ko 45, kuma gwaji da magani ne kaɗai za su rage adadinsu.

Ga macen da ta kai 30 kuma ba a taɓa yi mata ba, matakin farko shi ne ta tambaya a sashen mata na babban asibitin da ya fi kusa da ita, ko wajen awon ciki da tazarar haihuwa, ko ana yin gwajin, wane iri ne, kuma ina ake tura wadda aka samu da matsala. Idan an yi mata, ta karɓi sakamakon a rubuce, ta adana takardar, ta kuma riƙe shekarar da aka ce ta dawo.